Earth Negotiations Bulletin: abin da rahoton ke bai wa mai bin taron sauyin yanayi daga Sakkwato, da abin da ba ya bayarwa

Duk shekara idan aka tashi daga babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira COP, labari iri biyu ne ke isowa Sakkwato. Waɗanda suka je sukan ce an yi nasara, an yi alkawarin biliyoyin daloli. 'Yan fafutuka kuma su ce an ci amanar Afirka. Malamin jami'a da zai shiga aji, ko ma'aikacin muhalli da aka ce ya rubuto wa kwamishina taƙaitaccen bayani, ko ɗan jaridar da zai yi shiri a rediyo, duk buƙatarsu ɗaya ce: me aka rubuta a takarda, wa ya nema, wa ya ƙi, me aka ɗage sai baɗi. A wannan fanni ba mu san wata kafa da ta kai Earth Negotiations Bulletin ba, wadda aka fi sani da ENB. Kyauta ce, ana samunta a enb.iisd.org. Amma tana da nata aibin, kuma wanda bai san yadda ake karanta ta ba zai iya fita da fahimtar da ta fi rashin sani muni.

Masu fitar da ita su ne IISD, cibiyar nazarin ci gaba mai ɗorewa da aka kafa a 1990, mai hedikwata a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, da ofis a Geneva. Rahoton kansa ya faro ne a watan Maris na 1992, lokacin da mutum uku, Johannah Bernstein da Pamela Chasek da Langston James Goree, suka fara rubuta takardar labarin kullum a taron share fagen babban taron muhalli na Rio, suna raba wa wakilai. Daga baya cibiyar ta ɗauki nauyinsa. Tun daga lokacin ba a yi wani COP ba tare da marubutansa suna zaune a zaure ba, don haka rumbun da ke shafin ya ƙunshi tarihin Kyoto a 1997, da Copenhagen a 2009, da Paris a 2015, rana bayan rana. Rahotannin sauyin yanayi suna ƙarƙashin kundi na 12, na kwararowar hamada kuma kundi na 4.

Abu uku suke fitarwa a kowane babban taro. Akwai rahoton share fage da ke fitowa kafin a buɗe, mai bayanin inda aka tsaya bara da abin da ke kan ajanda. Akwai rahoton kullum, kimanin shafi biyu, wanda ke fitowa da dare ko kafin a koma zama washegari. Sai kuma cikakken rahoton ƙarshe, 'yan kwanaki bayan rufe taro, wanda kan haura shafi 20, mai bin ajanda batu bayan batu har ya kai ga ɗan sharhinsu da jerin tarukan da ke tafe da fassarar gajerun sunaye. Wanda ke da sa'a ɗaya kacal ya fara da sharhin da ke ƙarshen wannan rahoton na uku, sannan ya koma baya ya nemi batun da ya dame shi. Wanda ya fara daga shafi na ɗaya zai gaji tun yana cikin jawaban buɗe taro da zaɓen jami'ai.

Ƙarfin ENB yana cikin abu ɗaya: ba ta tsallake kalma. A wannan tattaunawa kalma ita ce kuɗi. A Paris, ana dab da amincewa da yarjejeniya, aka tsayar da komai saboda kalma ɗaya a sashe na 4, sakin layi na 4. An rubuta kalmar da ke wajabta wa ƙasashe masu arziki rage hayaƙi, Amurka ta ce ba za ta iya ɗauka ba, aka mayar da ita kalmar da ke nufin "ya kamata", aka ce kuskuren buga rubutu ne. A Glasgow a 2021, a zaman ƙarshe, Indiya ta sa aka sauya "daina amfani da kwal" zuwa "rage amfani da kwal". Jaridun duniya sukan kawo irin waɗannan manyan, amma a kowane taro akwai ɗaruruwan ƙanana irinsu, kuma ENB ce ke bin su. Mai karatu ya lura da fi'ilin da ke farkon kowane sakin layi na ƙuduri. Idan an rubuta decides, an yanke hukunci ke nan. Urges roƙo ne mai ƙarfi, invites gayyata ce da babu laifi idan an ƙi, notes kuwa ma'anarsa an ji kawai. Da yawan abin da ake kawo mana a matsayin "an amince" yana cikin rukuni biyun ƙarshe.

Misalin da ya fi dacewa shi ne na Baku a 2024. Adadi biyu suka fito daga can, dala biliyan 300 da dala tiriliyan 1.3, kuma har yau ana cakuɗa su a jawabai. Wanda ya karanta rahoton ƙarshe zai ga bambancin ƙarara. Tiriliyan 1.3 kira ne ga kowa da kowa, gwamnatoci da 'yan kasuwa, su haɗa hannu a kai wannan adadi a shekara kafin 2035. Biliyan 300 shi ne burin da aka tsayar, ƙasashe masu arziki su jagoranta, shi ma zuwa 2035, kuma daga kowace irin kafa: baitulmali, bankunan raya ƙasa, jarin 'yan kasuwa. Babu inda aka ce duka kyauta ce. Ƙungiyar wakilan Afirka ta je ne da buƙatar tiriliyan 1.3 a matsayin ainihin burin, shi ya sa bayan an buga guduma da asubahin Lahadi 24 ga Nuwamba, Indiya da Najeriya da wasu ƙasashe suka tashi suka bayyana rashin amincewarsu, wakiliyar Najeriya Nkiruka Maduekwe ta kira adadin abin dariya. Ƙudurin dai ya riga ya wuce. Duk mai son fahimtar dalilin wannan fushi ya tuna cewa dala biliyan 100 a shekara da aka yi alkawari a Copenhagen a 2009, wadda ya kamata ta cika a 2020, ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD ta ce sai a 2022 aka kai ta, da biliyan 115.9, kuma mafi yawan kuɗin gwamnatocin da ke ciki rance ne.

A ƙarshen kowane rahoton kullum akwai wani ɗan sashe mai suna In the Corridors, wato hirar bayan fage. Nan ne suke kawo abin da wakilai ke faɗa a farfajiya ba tare da ambaton suna ba. Sakin layi ɗaya ne ko biyu, amma shi ke nuna inda iska ta dosa. Shawararmu ita ce a fara da shi kowace safiya, sai dai kada ɗan jarida ya ɗauki maganar da ke ciki ya jingina ta ga wata ƙasa, domin ba a faɗi mai ita ba.

Kuskuren da sabon mai karatu daga Najeriya ya fi yi shi ne neman sunan ƙasarsa. Zai bincika rahoton mako biyu ya ga Najeriya sau biyu ko uku, ya ɗauka wakilanmu barci suka yi. Ba haka tsarin yake ba. Ana tattaunawa ne ƙungiya-ƙungiya. Najeriya tana cikin ƙungiyar wakilan Afirka mai ƙasashe 54, tana kuma cikin G77 da Sin, ƙungiyar ƙasashe masu tasowa mai ƙasashe 134, kuma mutum ɗaya ne ke magana a madadin kowa a kan kowane batu. ENB tana rubuta sunayen ƙasashe da ƙungiyoyi da manyan baƙaƙe, don haka a nemi AFRICAN GROUP. Idan an ga "Uganda, a madadin G77 da Sin" a rahoton 2024, ba ra'ayin Uganda ba ne, ita ce ke riƙe da shugabancin ƙungiyar a shekarar, kamar yadda Pakistan ta riƙe a 2022 lokacin da aka ci nasarar kafa asusun asara da ɓarna a Sharm el-Sheikh. Wannan bai wanke yawan tawagar da ake kwasa ba. A Dubai a 2023 sunaye 1,411 aka yi wa rajista da sunan Najeriya, gwamnatin tarayya ta ce 422 ta ɗauki nauyi. Masu zama a teburin tattaunawa ba su kai ko kusa da haka ba, kuma rahoton ENB yana taimaka wa mai tambaya ya san irin tambayar da zai yi wa wanda ya dawo: wane batu na ajanda ka bi, kuma a ina aka kwana a kansa?

Akwai wani bambanci da ya shafe mu kai tsaye a nan bakin iyaka. Jamhuriyar Nijar tana cikin rukunin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, wato LDCs, Najeriya ba ta ciki. Manomin gero a Illela da ɗan'uwansa a Birnin Ƙonni ƙasa ɗaya suke nomawa, damina ɗaya suke jira, amma a zauren taro suna ƙarƙashin rukuni daban, kuma akwai asusu na musamman da Nijar ke iya nema wanda Najeriya ba ta da hurumi a ciki. Idan rahoto ya ce an ware wani kaso ga LDCs da ƙananan tsibirai, mai karatu a Sakkwato ya san cewa wannan kason bai haɗa da shi ba.

Yanzu ga aibin. Na farko harshe. Turanci ne, wani lokaci da fassarar Faransanci, kuma Turancin ma na 'yan gida ne, cike da gajerun sunaye. SBI da SBSTA su ne manyan kwamitoci biyu na dindindin, ɗaya na aiwatarwa ɗaya na kimiyya da fasaha, waɗanda ke zama a Bonn ta Jamus kowane watan Yuni sannan su sake zama a makon farko na COP. CMA taron ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Paris ne. NDC alkawarin kowace ƙasa ne na rage hayaƙi, NAP kuma shirinta na jure wa sauyin yanayi. Mutum zai iya riƙe digiri na biyu a fannin muhalli ya karanta shafi guda bai kama zaren ba. Maganinsa shi ne a buɗe jerin fassarar da ke ƙarshen rahoton bara a ajiye a gefe, kuma a zaɓi batu biyu ko uku kawai a riƙa bi. Ko wakilan da ke can haka suke yi, babu mai bin ajanda duka.

Na biyu, abin da ba su gani ba ba sa iya rubutawa. A makon farko yawancin zama a buɗe yake ga masu sa ido. A mako na biyu, idan ministoci suka karɓi aiki, ciniki na gaske yana komawa ƙananan ɗakuna da ofishin shugaban taro, inda ko ƙananan ƙasashe kan yi ƙorafin ba a gayyace su ba. A irin waɗannan ranaku rahoton kan rame, ya koma cewa ana ci gaba da tuntuɓa. Daidai lokacin da mai karatu ya fi ƙishin labari ke nan. Ba laifin marubutan ba ne, amma ya kamata a san da shi.

Na uku shi ne wanda ya fi damun mu: tsaka-tsakin da suka ɗauka. ENB tana alfahari da cewa ba ta goyon bayan kowa, kuma wannan ne ya sa wakilin Saudiyya da na Tarayyar Turai duk suke karanta ta. Sai dai idan aka jera maganar ƙasar da ta yi shekara 150 tana ƙona kwal da ta ƙasar da fari ke cinye mata dabbobi, kowace jimla ɗaya, da murya ɗaya, mai karatu zai iya ɗauka saɓanin ra'ayi ne tsakanin sa'o'i. Rahoton zai gaya maka cewa wata ƙungiya ta ƙi a sa batun sashe na 9, sakin layi na 1, na yarjejeniyar Paris a ajanda, kamar yadda aka yi a Bonn a Yunin 2025 har aka ɓata kwana biyu ba a fara aiki ba. Ba zai tsaya ya gaya maka da zafin da ya dace cewa wannan sashe shi ne wanda ya wajabta wa ƙasashe masu arziki ba da kuɗi, kuma gudun a yi musu lissafi ne ya sa ba sa son a buɗe shi ba. Don haka muke ganin bai kamata a karanta ENB ita kaɗai ba. Third World Network, mai cibiya a Penang ta Malesiya, tana fitar da rahotanni daga zaure ɗaya amma da idon ƙasashe masu tasowa, kuma takan kawo jawaban wakilai da tsawo. Power Shift Africa da ke Nairobi, ƙarƙashin Mohamed Adow, tana fassara sakamakon da muradin Afirka. Carbon Brief kuma tana da dogon bayanin ƙarshen taro mai sauƙin Turanci. Waɗannan suna da ɓangare kuma ba sa ɓoyewa. ENB ce ma'aunin da za a gwada maganarsu a kai.

Yana da kyau kuma a san wa ke biyan kuɗin. Gwamnatoci ne da hukumomin ƙasashe masu arziki galibi, kuma ana jera sunayensu a ƙasan shafin farko na kowace fitowa, tare da sunayen marubutan. Wannan bayyanawa abin yabo ne. Ba mu ga alamar cewa masu ba da kuɗin suna juya abin da ake rubutawa game da zaman tattaunawa ba. Inda ya kamata a yi hattara shi ne rahotannin tarukan gefe, waɗanda kamfanoni da ƙungiyoyi da gwamnatoci ke shiryawa a rumfunansu. Waɗannan ba tattaunawar hukuma ba ce, babu ƙudurin da ke fitowa daga cikinsu, kuma mafi yawan sanarwar "an ƙaddamar da shirin dala miliyan kaza" daga can suke fitowa. Alkawarin da aka yi a rumfa ba ya ɗaure kowa.

Ita kanta IISD hula biyu gare ta. Ban da aikin rahoto, tana da sassan bincike masu ra'ayi a fili. Sashenta na nazarin tallafi, Global Subsidies Initiative, ya daɗe yana kira a janye tallafin man fetur da gas da kwal a duniya. Duk wanda ya ga yadda kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Gusau da kuɗin man injin ban-ruwa a fadamun Kware da Wurno suka tashi bayan janye tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 yana da 'yancin ya yi muhawara da wannan matsayi, ko da kuwa binciken nasu yana cewa a haɗa janyewar da kariya ga talaka. A ɗaya gefen, cibiyar ce ke riƙe da sakatariyar NAP Global Network, wadda aka kafa a 2014 kuma ta taimaka wajen rubuta tsarin shirin juriya na Najeriya da ya fito a 2020. Mai ambato a takardar bincike ya bambance: "ENB ta ruwaito" daban, "IISD ta ba da shawara" daban.

To me ya kamata mutumin Sakkwato ya bi a ciki? Mu ba masu fitar da hayaƙi ba ne na a zo a gani. Abin da ke gabanmu zafin Afrilu da Mayu ne da ke haura digiri 40, da rairayin da ke cin gonaki a Gada da Tangaza da Gudu, da daminar da ke makara sannan ta zubo gaba ɗaya. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2010, lokacin da ruwan Rima ya mamaye ƙauyukan Goronyo da Wurno ya kuma karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sa buƙatar a fassara musu "asara da ɓarna". Don haka batu na farko shi ne asusun nan. An amince da kafa shi a 2022, aka fara shi a ranar farko ta taron Dubai, alkawuran suka kai kimanin dala miliyan 700 kafin a tashi daga taron, Bankin Duniya ke riƙe da shi na wucin gadi, kuma Ibrahima Cheikh Diong ɗan Senegal ne babban daraktansa. Zangon farko na rabon dala miliyan 250 ne kawai ga duk ƙasashe masu tasowa. A gwada wannan da ambaliyar 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya kaɗai. Kuma ba jiha ba ce ke nema kai tsaye, ta hannun gwamnatin tarayya ake bi.

Batu na biyu shi ne burin duniya na juriya. A Dubai aka tsayar da fannoni bakwai: ruwa, abinci da noma, lafiya, muhallin halittu, gine-gine da matsugunai, talauci da hanyoyin samun abinci, da kayan tarihi. Aka ba masana shekara biyu su fito da ma'aunai, suka tace su zuwa 100, a Belém ta Brazil a 2025 aka amince da 59 cikin jayayya, aka kuma yi kira da a ninka kuɗin juriya sau uku zuwa 2035. Wannan yana kama da aikin takarda, amma da waɗannan ma'aunai ne masu ba da kuɗi za su riƙa auna shirye-shirye. Jihar da ta fara tara alƙaluman zurfin ruwan rijiyoyi, da yawan amfanin gona a kowace hekta, da adadin manoman da hasashen damina na NiMet ke isa gare su a kan lokaci, ita za ta iya cike takardar neman kuɗi. Wadda ba ta da alƙaluma sai ta jira abin da aka yanka mata.

Na uku ba ma a COP na sauyin yanayi yake ba, kuma nan ne ENB ta yi wa sauran kafofi fintinkau. Yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada tana da nata taron duk shekara biyu, wanda manyan jaridu ba sa damuwa da shi. A Riyadh a Disamba 2024 ƙasashen Afirka sun nemi a yi yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe a kan fari, wasu suka ce tsari na ganin dama ya isa, aka tashi ba a daidaita ba, aka ɗage zuwa taron Mongoliya na 2026. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, don haka abin da ake faɗa a wannan zaure ya fi kusa da makiyayin Tangaza fiye da rabin abin da ake faɗa a COP. ENB tana kawo shi da irin tsanakin da take kawo na sauyin yanayi.

Wata alama da ya kamata mai bin waɗannan batutuwa ya sani ita ce doka ta 16. Ba a ƙuri'a a taron sauyin yanayi, domin tun farko ba a taɓa amincewa da dokar ƙuri'a ba, komai sai da yardar kowa. Idan an kasa daidaitawa a kan wani batu, sai a yi amfani da doka ta 16, a mayar da shi ajandar zama na gaba ba tare da an ɗauki ko layi ɗaya daga aikin da aka yi ba. Idan ka ga wannan a rahoto, ma'anarsa mako biyu sun tafi a banza. Haka kuma rubutun da aka sa cikin baka mai kusurwa a daftari, ba a amince da shi ba tukuna. An sha ganin an ɗauko jimla daga daftarin tsakiyar mako an yaɗa ta a Facebook da WhatsApp a matsayin sakamakon taro, alhali ba ta kai ranar ƙarshe ba.

Abin da ENB ba za ta taɓa yi maka ba shi ne bin kuɗin har gida. Aikinta yana ƙarewa inda aka buga guduma. Ba za ta gaya maka nawa ya iso Abuja ba, balle Goronyo. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, alal misali, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, rance ne mai sauƙi da ƙasa za ta biya, kuma bayaninsa yana takardun bankin ne da ofisoshin shirin na jihohi. Alkawarin Najeriya na kaiwa ga daidaiton hayaƙi a 2060, wato hayaƙin da ake fitarwa kada ya wuce wanda ake shanyewa, wanda Shugaba Buhari ya yi a Glasgow, da dokar sauyin yanayi ta Nuwamba 2021 da ta kafa majalisar ƙasa kan batun, su ma a gida ake bin diddiginsu.

Ta fuskar amfani da waya, shafin yana buɗewa ba wahala, amma shafukan hotuna na kullum suna da nauyi, suna cin data. A nemi maɓallin PDF a sauke rahoton, a karanta ba tare da intanet ba, a kuma tura wa abokan aiki. Ana iya yin rajista da imel a zaɓi sauyin yanayi da hamada kawai, in ba haka ba saƙonnin tarukan sinadarai da teku da namun daji za su cika akwatin. A kula da bambancin lokaci: Bonn a Yuni tana gabanmu da sa'a ɗaya, Antalya ta Turkiyya, inda aka tsayar da COP31 na 2026, da sa'a biyu, haka ma Addis Ababa mai karɓar COP32 a 2027. Wanda zai ambaci ƙuduri a takardar hukuma kada ya tsaya ga taƙaitawar ENB. Rahoton yana ba da lambar kowace takarda, a ɗauke ta a nemo asalin a unfccc.int. Ƙudurin kuɗi na Baku shi ne 1/CMA.6, sakin layi na 7 da na 8, na Dubai mai maganar janyewa daga man fetur da gas da kwal kuma 1/CMA.5, sakin layi na 28.

Giɓin da ya fi girma shi ne babu wannan bayani da Hausa, kuma ba mu sa ran cibiyar da ke Kanada ce za ta cike shi ba. ENB ta yarda a ɗauki sassan rahotonta a wallafe-wallafen da ba na kasuwanci ba muddin an ambaci tushe. Mutum uku sun isa: malami ɗaya daga sashen nazarin ƙasa ko Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'a ya bi juriya da noma, ma'aikacin muhalli ɗaya ya bi kuɗi da asusun asara, ɗan jarida ɗaya ya haɗa su ya mayar da su Hausar da mai albasa a fadama zai saurara. Minti goma a rediyo kowace yamma na tsawon mako biyu a Nuwamba, da wasu biyun a Yuni lokacin zaman Bonn, wanda ya zo daidai da faɗuwar damina, lokacin da manoma suka fi kasa kunne ga duk abin da ya shafi ruwan sama.